Daga El Duniya zuwa gidan kallon ƙwallo: me ke kisa a wurin kallo?

Ranar 25 ga Maris, 1975, Sarki Faisal na Saudiyya yana karɓar baƙi daga Kuwait a fadarsa da ke Riyadh, sai wani ɗan ɗan'uwansa, Faisal bin Musaid, ya matso kamar zai kawo gaisuwa, ya zaro bindiga ya harbe shi. Dattawan Kano da suka yi aikin hajji a zamaninsa sun san labarin zuwa nan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne akwai talabijin a gindin maganar. Da gwamnatin Faisal ta buɗe tashar talabijin a 1965, wasu masu zafin ra'ayi sun tashi cewa an shigo da hoto ƙasa mai tsarki, suka nufi tashar za su farfasa ta. A cikinsu akwai wani yarima, Khalid bin Musaid, wanda jami'an tsaro suka harbe har lahira. Ɗan'uwan wannan yarima ne ya zo fada bayan shekara goma, kuma ɗaukar fansa na cikin dalilan da aka fi ambata game da kisan.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasashen Musulmi kaɗai suka ji tsoron akwatin nan. Turawan da ke mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu sun hana talabijin shiga ƙasar har 1976, don suna gudun abin da baƙar fata zai gani da kuma yadda Turancin Ingila zai danne harshensu, shi ya sa ranar da ɗan Adam ya taka wata a 1969 su sai dai suka ji a rediyo. Ƙasar Aislan ba ta kunna tasha ranar Alhamis har 1987, wai mutane su samu ranar ziyara da hira. Isra'ila kuwa har farkon shekarun 1980 goge kala ake yi daga shirye-shirye kafin a watsa, don kada jama'a su ɓarnatar da kuɗi wajen sayen talabijin mai kala, sai masu dabara suka ƙera wata 'yar na'ura da ke dawo da kalar, aka yi ta saye. Butan ba ta yarda ba sai 1999.

Duk waɗannan hukumomi wuri ɗaya suka zuba wa ido, wato abin da ke fitowa a allo. Ni kuma da na bi masifun da suka auku a wuraren kallo, sai na ga hoto ba kasafai yake kisa da kansa ba. Aikin da kallo ke yi wanda ba a cika lura da shi ba shi ne tara mutane: ya cusa ɗaruruwa a ɗaki ɗaya cikin duhu, ko ya sa miliyoyi su ji abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Daga wannan taron yawancin ɓarnar ke fitowa. Kuma babu garin da ya kamata ya fi Kano sanin haka.

Ranar 13 ga Mayu, 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, silimar El Duniya ta kama da wuta ana tsakiyar kallo. Mutum kusan 600 ne a ciki, 331 suka rasu. A sake duba lissafin: fiye da rabin waɗanda suka biya kuɗin ƙofa a daren ba su koma gida ba. Gwamnatin Turawa ta naɗa alƙali ya yi bincike, kuma abin da aka gano shi ne wutar ta tashi ne daga zaren fim a ɗakin injin. Amma a cikin gari wani bayani ne ya fi tafiya. Wasu suka ce tsinuwa ce ta kama gidan tun ana gininsa. Wasu suka ce an nuna abin da bai halatta a nuna ba a fim ɗin daren, har aka riƙa cewa hoton Manzon Allah (SAW) ne, alhali babu wannan a ciki. Hukuma ta yi ta ƙaryatawa, amma jita-jitar ta riga ta sami gindin zama, domin ta dace da abin da mutanen birni suka daɗe suna faɗi game da silima tun da aka buɗe Rex a 1937: wurin 'yan iska ne, wurin cakuɗa maza da mata, abin bayan ganuwa. Ko da aka gina Palace a cikin birni wajen Jakara a farkon shekarun 1950, sai da aka kai ruwa rana, kuma daga baya ginin ya koma asibiti.

Yana da kyau a fahimci me ya sa zaren fim na wancan lokaci yake da haɗari haka. Da sinadarin naitiret ake yin sa, ɗan'uwan abin da ake haɗa albarushi da shi. Yana kamawa da zafi kaɗan, ga shi kuma yana wucewa ta gaban fitilar majigi mai tsananin zafi, in ya maƙale na 'yan daƙiƙoƙi shi ke nan. In ya kama, yana samar wa kansa iskar da wuta ke ci, don haka ko an tsoma shi a ruwa yana iya ci gaba da ci, hayaƙinsa kuma guba ne. Abin takaicin, a daidai shekarun 1948 zuwa 1951 ne kamfanin Kodak ke sauya shi da wani zaren da ba ya kamawa haka. Wato El Duniya ta ƙone a ƙarshen zamanin naitiret, lokacin da maganin ya riga ya fito amma tsofaffin faya-fayai na ci gaba da yawo a silimomin ƙasashen da ake mulka.

To amma ko naitiret ɗin ma rabin bayani ne. Wuta a ɗakin inji ba ta cin mutum 331 sai in fita ta gagara. Akwai misalai biyu daga Birtaniya da ke nuna haka tsirara, domin a cikinsu ba wanda wuta ta taɓa. A garin Paisley na Sikotlan, ranar 31 ga Disamba, 1929, gwangwanin fim ya fara hayaƙi a silimar Glen da ke cike da yara. Wani ya yi ihun gobara, yara suka ruga ƙofar fita, ƙofar kuwa ciki take buɗewa kuma an datse ta. Yara 71 suka mutu, danne juna suka yi. Na biyun ya girmi silima ma. A Sunderland, a 1883, an tara yara kallon wasa a wani babban zaure, aka sanar cewa za a raba kyautar kayan wasa a ƙasa. Yaran da ke saman bene suka kwararo ta matattakala, a ƙarshenta akwai ƙofa da aka sa wa sakata ta yadda yaro ɗaya ne kawai zai iya wucewa a lokaci guda, don a duba tikiti. Yara 183 suka rasu a bayan wannan ƙofa, ba wuta ba hayaƙi, murna ce ta koro su. Daga nan aka fara dokar cewa ƙofar wurin taro waje za ta riƙa buɗewa, aka kuma ƙirƙiro ƙarfen nan na kwance da ake gani a ƙofofin manyan otal da filin jirgi, wanda da an jingina da shi ƙofa za ta wangale.

Talabijin ya iso mana bayan wannan. Ibadan ta buɗe tasharta a 1959 ƙarƙashin gwamnatin Awolowo, Kaduna ta biyo a 1962, aka haɗe tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV. Wanda ya taso a lokacin ya san ba a kallo shi kaɗai. Gida ɗaya ne mai akwati a layi, yaran unguwa su cika tsakar gida da zaure, waɗanda ba su samu shiga ba su maƙale a taga. Taron bai watse ba, rarrabuwa ya yi zuwa gidaje, kuma duka suna ɗaure da agogo ɗaya.

Ingila ce ta fi kowa auna wannan ɗaurin. Injiniyoyin wutarsu suna bin jadawalin talabijin, domin da an tashi daga babban shiri mutane kan miƙe gaba ɗaya su kunna butar shayi ta lantarki. Ranar 4 ga Yuli, 1990, da aka gama bugun fenariti tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma a gasar cin kofin duniya, buƙatar wuta ta yi tsalle da megawat 2,800 cikin 'yan mintoci. Wannan ya haura rabin abin da Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a ranar da wuta ta yi kirki, kuma duk a kan ruwan zafi.

Sai dai kada na zalunci masu tsoron hoto, akwai ranar da hoton da kansa ya kayar da mutane. Ranar 16 ga Disamba, 1997, da yamma, wata tasha a Japan ta nuna zanen yara na Pokémon. Wajen minti 20 da farawa aka nuna fashewar wani abu, allo ya riƙa walƙiya ja da shuɗi kusan sau 12 a daƙiƙa, na 'yan daƙiƙoƙi kawai. Motocin asibiti suka kwashi yara 685, wasu da jijjiga, wasu da amai, wasu sun suma. Akwai wani nau'in farfaɗiya da walƙiyar haske ke tayarwa, ya fi kama yara da matasa, kuma da yawa masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba sai ranar da ya tashi. Jan launi mai ƙarfi ya fi tsokano shi, haka zama dab da allo a ɗaki mai duhu. An dakatar da shirin wata huɗu, aka fito da ƙa'idar da tashoshi da dama ke bi har yau, cewa walƙiya kada ta wuce sau uku a daƙiƙa. A lura, babu maganar tarbiyya a nan ko kaɗan. Da mai tace fim ya zauna ya kalli shirin don neman batsa ko saɓon Allah, da ya sa hannu ya wuce, domin cutar tana cikin saurin hasken ne.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni mamaki. Tashoshin labarai sun sake nuna guntun a daren, wasu yaran suka sake faɗuwa. Da labari ya bazu a makarantu washegari, adadin masu cewa ba su da lafiya ya kai wajen 12,000, ninkin ba ninkin abin da farfaɗiya za ta iya bayyanawa. Masu binciken da suka koma kan lamarin daga baya sun nuna cewa yawancin waɗannan ba hasken ne ya kama su ba, labarin ne. A Fotugal ma, a watan Mayun 2006, ɗalibai fiye da 300 a makarantu 14 sun kamu da ƙuraje, jiri da sarƙewar numfashi kwanaki kaɗan bayan wani wasan kwaikwayo na matasa ya nuna wata cuta ta ɓarke a makaranta. Likitoci ba su sami ƙwayar cuta ko ɗaya ba. Yaran kuma ba ƙarya suke yi ba, jikinsu da gaske yake yi.

Duk Bakanon da ya kai shekara arba'in zai tuna da namu. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi ta maganar Sumbuƙa a makarantun 'yan mata: yarinya ta yanke jiki ta faɗi, ta kusa da ita ta bi, kafin a ankara an kwashi ɗaki guda, wasu suna ihu wasu suna rawa, waɗanda suka gani suna cewa irin rawar finafinan Indiya ce. Malaman ruƙiyya sun yi nasu bayanin, likitoci sun yi nasu, kuma ba ni ne zan raba musu gardama ba. Amma akwai abin da ɓangarorin biyu suka gani da idonsu, abin yana bi ne daga wadda ta faɗi zuwa wadda ke kallonta. Shi ya sa matakin farko da likitoci ke ba da shawara a irin wannan hali shi ne a raba taron, a ɗauke wadda ta faɗi daga idon sauran. Mu kuwa muhawarar da ta fi zafi a gari ita ce ko fim ne ya jawo.

Taro yakan yarda da abin da bai faru ba, yakan kuma ƙi yarda da abin da ke faruwa a gabansa. A Kito, babban birnin Ekwado, ranar 12 ga Fabrairu, 1949, wani gidan rediyo ya shirya wasa a sigar labarai cewa halittu daga duniyar Mars sun sauka suna nufo gari. Jama'a suka fantsama tituna, wasu suka ruga coci. Da aka gane wasa ne, tsoro ya rikiɗe ya zama fushi, suka je suka cinna wa ginin wuta da ma'aikata a ciki, aƙalla mutum 6 suka mutu. Akasin haka ya faru a Landan ranar 15 ga Afrilu, 1984. Tommy Cooper, ɗan barkwancin nan mai jar dara, yana wasa kai tsaye a talabijin sai zuciyarsa ta buga, ya sulale ƙasa a gaban miliyoyin masu kallo. Zauren ya fashe da dariya. Sana'arsa ke nan, yin kamar abu ya lalace masa, don haka kowa ya ɗauka cikin shirin ne.

Akwai kuma inda kyamara ke kiran taron zuwa wurin da bai kamata a taru ba. A watan Yunin 1981 wani yaro ɗan shekara 6 ya faɗa wata siririyar rijiya a Vermicino, kusa da Rum. Gidan talabijin na gwamnatin Italiya ya yi awa 18 yana nunawa kai tsaye, da zaton za a ciro shi da rai a gaban kowa. Dubban mutane suka yi dafifi a bakin rijiyar, shugaban ƙasa Sandro Pertini ma ya zo ya tsaya, masu sa kai suna ta shiga ba tsari, ba wanda ke riƙe da ragamar aikin. Yaron ya rasu a ciki. Kunyar abin ce ta ingiza Italiya ta kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa a 1982. Mun sake ganin irinsa a Fabrairun 2022 da yaron nan na Maroko da ya kwana biyar a rijiya mai zurfin mita 32, sai dai wannan karon a waya muka kalla, a majalisu da shagunan Kantin Kwari ana ta addu'a.

Idan aka dawo gida, tarihin hukuma da kallo a Kano kusan duk tarihin tace hoto ne. An kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai sun yi ca. Ana dakatar da jarumai, ana hana waƙoƙi, ana kiran 'yan TikTok. Ba na cewa al'umma ba ta da hakkin kula da abin da 'ya'yanta ke gani, tana da shi, kuma iyayen da ke kuka ba mahaukata ba ne. Amma mun zama kamar mai gadin da ya ƙura wa taga ido alhali katangar baya ta zube. Silimomin da aka yi ta faɗa a kansu yawancinsu sun mutu, taron kuwa ya koma gidajen kallon ƙwallo, waɗanda babu unguwar da ba su, daga Fagge zuwa Kurna, daga Ɗorayi zuwa Hotoro.

Abin da ya faru a Kalaba ranar 20 ga Afrilu, 2017, ya isa a yi nazari. Ana kallon wasan Manchester United da Anderlecht a wani gidan kallo na kwano, taransifoma ta yi bindiga, babbar wayar lantarki ta tsinke ta faɗo kan rufin. 'Yan sanda sun tabbatar da mutuwar mutum 7, wasu da dama suka jikkata. Rufi kwano, bango kwano, mutane a matse jiki na gugar jiki, wuta ta sami hanya.

A shiga irin namu a daren babban wasa a duba. Rumfar kwano ko langa-langa, benci a jere har ba wurin sa ƙafa, an toshe duk wata kafa da buhu ko labule don haske kada ya ɓata allo kuma na waje kada ya yi kallon ɓagas. Wayoyi a saƙale a kan katako, janareta na ruri a gefe, jarkar fetur sau da yawa tana kusa da ƙofa don nan ne hannu ya fi saurin kaiwa in mai ya ƙare ana tsakiyar wasa. Ƙofar kuma ɗaya ce, ƙarama, da yaro a zaune yana karɓar kuɗi. Ba mugunta ce ta sa mai gidan ya yi haka ba, lissafi ne, kuma shi ne dai lissafin da ya sa aka sa wa ƙofar Sunderland sakata: ƙofa ɗaya ce ke tabbatar da cewa duk wanda ya shiga ya biya. Ƙofa ta biyu tana nufin yaro na biyu da za a sallama kowane dare, ko kuma a yi ta sulalowa kyauta. A sana'ar da kuɗin mai da kuɗin katin tasha ke cinye mafi yawan ciniki, ba mai gidan kallon da zai fasa bango ya buɗe ta don raɗin kansa, sai in an sa ta cikin sharuɗɗan ba shi izini, kuma jami'in kashe gobara ya zo da ƙafarsa ya tura ta ya ga ta buɗe waje.